Fitowa ta Bakwai

A shagon Barau mai ɗab'i, bayan Kasuwar Barci,
inda inji ke tari kamar tsohon direban tirela,
nan na haifi mutum biyar da alƙalami ɗaya.

Kada, mai fatar da harsashi ke jin kunyarta.
Tsawa, wadda in ta yi gyaran murya sai tagogi su zube.
Ɗan Dogo, da ya fi jirgin ƙasa sauri,
ko da yake wanda ya san jirginmu ba zai yi tafi ba.
Ƙyalli, autarsu.
Sai Inna Ma'auni, tsohuwa mai jin nauyin ƙarya a tafin hannu.

Zugwai ke zuba musu launi.
Duk Talata takan tsallako gada daga Barnawa
da kwalaben tawada cikin leda.

Fitowa shida muka yi lafiya lau.
Mugu ya zo da fuskar mugu,
a naushe shi, a rufe shafi, yara su yi ihu.

A ta bakwai na saki ruwan Agusta.
Kogi ya cika ya batse,
gaɓa biyu gare shi, ƙarfin Kada na guda ne.
Nan ga rumbunan Alhaji Maikwano,
mai zuba musu mai a mota,
wanda ya biya asibiti ran da Ɗan Dogo ya karye.
Can ga gidajen laka goma sha tara
da shagon wani tela.

Kada ya juya wa laka baya.

Ba wanda ya mutu, na tabbatar,
har kwale-kwale uku na zana a gefen shafi.
Keken ɗinki ne kawai ya nutse,
da ɗinkin bikin wata yarinya a bakin allura.

Washegari gaban 'yan jarida
Tsawa ta rage murya, ta ce, "Ba mu iso da wuri ba."
Hannun Inna ya yi nauyi,
ya yi nauyi har ya kusa taɓa ƙasa.
Ta cusa shi cikin zane. Ta yi murmushin hoto.

Zugwai ta ajiye buroshi.
"Wannan shafin, wane launi zan ba shi?"

Ban amsa ba. Ta san abin da na sani:
a makon ne kamfanin ruwan leda ya saya mana takarda,
da sharaɗin tambarinsu a ƙirjin Kada,
a kuma cire shafin nan na kwatar da ke bayan masana'anta.
Na cire.
Barau ya ce, "Ciki ba ya karanta zane,"
ya danna inji.

Ran Asabar Jazuli ya zo, ɗan aji biyar,
littafin a murɗe kamar tabarmar da aka kora mai ita.
Ya ce a ba shi ɗari biyunsa.
"Kada ba zai yi haka ba."
Na ce, "Ni na yi shi, yaro, na fi ka saninsa."
Ya dube ni tun daga silifa har hula.
"To kai ka yi. Ba shi ba."

Na ba shi kuɗin.
Ya kai bakin titi, ya dawo, ya ɗauki littafin kuma.

Yanzu ta takwas ke gabana.
Kada ya yi nutso, ya fito da keken, duk tsatsa,
ya kai ƙofar tela, tambarin na nan a ƙirjinsa,
don kwangilar shekara ce.
Telan bai miƙa hannu ba.
Sauran huɗun na cikin mota, ba wanda ya kashe inji.

Zugwai ta haɗa wani launi da ba ni da sunansa,
irin na kogi kwana biyu bayan ruwa.
Bisa kan Kada na zagaya gurbin magana,
fari fat, kwana tara ke nan.

Barau na tambaya yaushe za a buga.